Layin intanet biyu a fayawol ɗaya: me ya sa 50 da 20 ba sa zama 70?

Duk wanda ya taɓa haɗa wa wani ofis layin intanet na biyu ya san tambayar da ke biyo baya. An kawo fayba mai gudun megabit 50, an ƙara rauta mai sim da ke ba da kamar 20, an cusa su duka a fayawol. Mai wurin ya zaro wayarsa ya gwada gudu, ya ga 48. Ya sake gwadawa, wannan karon ya ga 19. Sai ya ɗago kai ya ce, "Malam, ina sauran? Ba layi biyu nake biya ba?" Ni ma an yi min wannan tambayar, kuma amsarta ba ta shiga jimla ɗaya, shi ya sa na ga gara in warware ta a rubuce.

Fayawol ita ce na'urar da ke tsaye a bakin ƙofa tsakanin kwamfutocin cikin gida da intanet, duk abin da zai fita ko zai shigo sai ya bi ta hannunta. Tunda ita ke riƙe da ƙofar, ita ce ta fi dacewa ta zaɓi layin da kowane abu zai bi. A kasuwarmu an fi ganin MikroTik, na wani kamfani da ke ƙasar Latbiya, saboda sauƙin kuɗinsa. Wasu suna ɗora pfSense ko OPNsense a kan ƙaramar kwamfuta mai ramukan kebul da yawa, bankuna da manyan ofisoshi kuma sukan sayi FortiGate ko Sophos. Sunayen maɓallan sun bambanta, amma dabarar da ke ƙarƙashinsu kusan ɗaya ce.

A ɗauki misalin tashar mota. Ɗan kamasho yana da motoci biyu da za su Kaduna, fasinjoji na ta zuwa. Zai ce wa wannan shiga ta farko, wancan shiga ta biyu, kafin ka ankara tasha ta rage cunkoso. Abin da ba zai iya ba shi ne ya raba fasinja ɗaya gida biyu don ya riga kowa isa. Haka fayawol take. Idan ka buɗe shafi ko ka fara sauke fayil, kwamfutarka tana ƙulla haɗi da wata saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin ko fayil ɗin, a can nesa, kuma haɗin nan shi ne fasinjan. Da zarar an sa shi a layi ɗaya, a nan zai zauna har ya gama. Mutum 30 a ofis, kowa da haɗe-haɗensa barkatai, za su ji daɗin layi biyu domin an raba su. Mutum ɗaya da ke sauke fayil ɗaya kuwa gudun layin da ya faɗa a kai zai samu, ko 50 ko 20.

Me ya hana a yayyanka haɗin a watsa shi ta layukan biyu? Abu biyu ne. Na farko, kowane kamfani yana ba ka adireshin IP nasa, wato lambar da ake gane ka da ita a intanet, kuma fayawol tana sauya adireshin kwamfutocin cikin gida da na layin da suka bi kafin su fita, abin da ake kira NAT. Sabar da ke can ta san ka ne da adireshin da ka fara yi mata sallama da shi. Idan rabin maganarka ya iso mata da wani adireshi dabam, ba ta san mai shi ba, zubarwa za ta yi. Na biyu, ko da an shawo kan wannan, layukan ba sa tafiya da sauri ɗaya. Fakitin bayanai na 5 zai riga na 3 isa, ƙa'idar TCP kuma, mai kula da isar bayanai a jere, idan ta ga jeri ya hargitse sai ta zaci wasu sun ɓace a hanya, ta sake aika su, ta kuma rage gudu. Garin neman ƙiba sai a samo rama.

Wani zai ce ai shi ya taɓa ganin 65 a gwajin gudu. Gaskiya ne, yana faruwa, domin wasu shafukan gwajin suna buɗe haɗi da yawa a lokaci guda, manhajojin sauke fayil ma haka suke yi. Idan fayawol ta watsa su a layuka biyu sai jimillar ta hau. Wannan bai shafi kiran bidiyo ko loda fayil ɗaya zuwa wata saba ba.

To ta yaya take zaɓa? Hanya mafi sauƙi ita ce bi da bi: haɗi na farko layin A, na biyu layin B, na uku ya koma A. Idan layukan ba su kai juna ba sai a ba su nauyi. A misalinmu na 50 da 20, nauyin 5 da 2 ke nan, wato cikin kowane haɗi 7, biyar su bi fayba, biyu su bi sim. Sai dai a lura, fayawol tana ƙirga yawan haɗi ne, ba ta san nauyin kayan da kowane ya ɗauko ba. Haɗi ɗaya na iya zama saƙon rubutu mai kalma uku, wani kuma fim ne na gigabait 4. Idan tsautsayi ya sa manyan suka taru a ƙaramin layi, zai toshe alhali babban na zaune yana hamma. Da yawan jama'a abin kan daidaita kansa. A ofis mai mutum 4 kuwa rabon ba ya taɓa yin kyau, kuma a irin wannan wuri ni ban cika ba da shawarar raba kaya ba sam, gara a bar layi ɗaya ya yi aiki, ɗayan ya zauna a benci.

MikroTik na da wata dabara da ake kira PCC, wadda ta fi bi da bi hankali. Tana ɗaukar adireshin mai aikawa da na mai karɓa, ta cakuɗa su ta fitar da lamba, ta raba lambar da adadin da ka ba ta, sannan ta duba abin da ya yi saura. Ka ce a raba da 2: saura 0 ya bi layin farko, saura 1 ya bi na biyu. Kana son rabon 5 da 2, sai ka raba da 7, ka ba fayba saura 0 zuwa 4, ka ba sim 5 da 6. Daɗin abin shi ne lissafi ba ya canza ra'ayi. Muddin kwamfuta ɗaya ce ke magana da saba ɗaya, amsar ɗaya za ta riƙa fitowa, layi ɗaya za su riƙa bi.

Wannan ya kawo mu kan ƙorafin da ya fi kowane yawa bayan an kunna rabon kaya: shafin banki yana korar mutane. Akawu ya shiga, ya sa lambar sirri, ya danna biyan albashi, sai shafi ya mayar da shi farko. Dalilin shi ne shafi ɗaya yakan buɗe haɗi da dama. Na shiga ya bi fayba, na biyan kuɗi ya bi sim, banki ya ga mutum ɗaya da adireshi biyu cikin daƙiƙa 10, ya ɗauka ɓarawo ne ya sace zaman. Bankin bai yi laifi ba, aikinsa ya yi. A pfSense akwai saitin da ke manne kowace kwamfuta da layin da ta fara bi muddin tana da haɗi a buɗe, a MikroTik kuma sai a sa PCC ta yi lissafi da adireshi kawai ban da lambar ƙofa, wato lambar da ke bambanta wannan haɗi da wancan. Kowanne ka zaɓa ka rage kyawun rabo don ka sami zaman lafiya, kuma cinikin ya yi riba. Ni nakan ƙara da doka ta musamman: na'urorin POS, kwamfutar akawu da wayoyin tebur na intanet duk su bi layin da ya fi natsuwa, kada su taɓa na biyu sai na farkon ya mutu. Masu kallon YouTube da wayoyin baƙi su ne za a yi ta rabawa.

Maganar mutuwar layi ita ce inda aikin yake, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Fayawol ba ta da ido. Hanyar da take sanin layi na da rai ita ce ta riƙa ƙwanƙwasa wani adireshi tana jiran amsa. A pfSense, idan ba ka taɓa saitin ba, tana aika ƙwanƙwasa duk rabin daƙiƙa, tana duba matsakaicin minti ɗaya. Jinkiri ya wuce milisakan 200 ko ƙwanƙwasar da ba a amsa ba ta kai kashi 10 cikin 100, ta yi gargaɗi. Ya wuce milisakan 500 ko kashi 20, ta ɗauki layin a matsayin wanda ya faɗi. Tambayar ita ce: ƙofar wa take ƙwanƙwasawa?

Idan ka bar ta da son ranta, adireshin da ke gabanta kai tsaye za ta riƙa tambaya, wanda sau da yawa shi ne modem ɗin da ke kan tebur ɗaya da ita. Katafila ta tsinke fayba a bakin titi, modem na nan da wutarsa yana amsa sallama. Data ta ƙare a sim, sandunan sabis cike, rauta na amsawa. Ita fayawol a ganinta lafiya lau, sai ta ci gaba da tura rabin ofis cikin rijiya. Alamar wannan ciwo ba ta ɓuya: wasu na aiki wasu na zagi, ko shafi ya buɗe yanzu, an jima ya ƙi. Na taɓa ɓata yini guda a wani asibiti mai zaman kansa ina zargin kebul da suwic, ashe kamfanin da ke ba su layi na biyu ne ya yanke su tun daren jiya saboda rikicin biyan kuɗi, modem ɗinsu kuwa bai fasa cewa yana nan ba.

Maganin shi ne a ba ta adireshi na can waje, kamar 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare, kuma kowane layi da nasa dabam, domin fayawol takan ɗaure adireshin gwajin da layin da aka ba shi. A MikroTik ana yin haka da hanya mai jingina da wata hanya, ko da kayan sa ido na Netwatch. Amma ko wannan ba ya rufe kowace ɓaraka. Irin waɗannan adireshi ana amsa su daga wurare da yawa a duniya, wanda ya fi kusa da kai shi ke amsawa. Kana iya samun amsa cikin gaggawa alhali hanyar da ke kai ka sabar da aikinka ya rataya a kanta, a Turai ko Amurka, ta cushe. Wanda manhajar kasuwancinsa ke zaune a wata saba ta musamman, ya fi masa ya sa ido a kan ita kanta. FortiGate da ire-irenta suna bari a gwada da buɗe shafi na gaske maimakon ƙwanƙwasa kawai, kuma wannan ya fi kusa da abin da ma'aikaci ke ji a jikinsa.

Akwai kishiyar matsalar, wato fayawol mai saurin yanke hukunci. Wani ya fara loda bidiyon biki zuwa intanet, ya cika hanyar fita, ƙwanƙwasar gwaji ta maƙale a bayan kayansa, jinkiri ya haura 500, sai a ce layi ya mutu. A kwashe kowa zuwa na biyu, na farko ya sami iska ya farfaɗo, a dawo da su, ya sake cushewa. Haka za a wuni ana kai gwauro ana kai mari, kowane juyi kuma yana yanke kiran wani. Layin sim da yamma, lokacin da unguwa duka ta hau kan turken sadarwa ɗaya, ya fi kowa jawo wannan. Ana gyara shi da ɗaga ma'aunin ya dace da halin layin, da tsawaita lokacin jira kafin a yarda layi ya dawo, da kuma taƙaita gudun fita ya tsaya ƙasa kaɗan da iyakar layin don kada layin jira ya taru a cikin modem. Mai tsohuwar VSAT, intanet ta tauraron ɗan adam wadda tauraronta ke nisan kilomita 35,786, jinkirinta na yau da kullum ya kai milisakan 600, idan bai canza ma'aunin ba fayawol ba za ta taɓa yarda tana da rai ba.

Ko an gane mutuwar da wuri, haɗin da ke kan mataccen layi ba sa tashi su koma ɗayan. Sababbi ne kawai ke bin sabuwar hanya. Tsofaffin suna nan a teburin da fayawol ke rubuta wanda ya bi ina, har sai lokacinsu ya ƙare ko an share su. Burauza ba ta damu ba, a sake loda shafi ya wuce. Wayar tebur ta intanet da ramin VPN, wato keɓantacciyar hanyar da ake ƙullawa tsakanin wuri biyu ta cikin intanet, kuwa sukan nace wa tsohuwar hanya, su yi ta magana da bango. Shi ya sa ake kunna saitin share teburin idan layi ya faɗi. Kiran da ake ciki zai yanke, wannan ba makawa, amma na gaba zai shiga.

Sai DNS, mai fassara sunan shafi zuwa adireshi. Kamfanoni da yawa ba sa amsa tambayar wanda ba ta layinsu ya zo ba. Idan duk ofis na dogara da DNS na layin farko, ranar da ya faɗi layi na biyu zai kasance da rai amma ba sunan da zai buɗe, mutane su ce duka biyun sun mutu. A sa na kowa da kowa, ko a ɗaure na kowane kamfani da layinsa, a kuma tabbatar ita kanta fayawol ta san ta sauya hanyar da take bi don nata tambayoyin.

Masu son kallon kyamarar shago daga gida suna da tasu damuwar. Abin da ya shigo ta layin A dole amsarsa ta koma ta A, in ba haka ba mai tambaya zai ga baƙon adireshi ya yi watsi da ita. pfSense na kula da wannan da kanta, a MikroTik kai za ka sa wa haɗin alama. Sannan layukan sim da Starlink na gida, mai zuwa ta tauraron ɗan adam, galibi ba sa ba ka adireshin da duniya ke gani, suna cusa kwastomomi da yawa a bayan adireshi ɗaya. Ka duba adireshin da rautarka ta samu, idan ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, to daga waje ba mai iya ƙwanƙwasa maka ƙofa kai tsaye, sai dai na'urarka ta fita ta ƙulla rami da wata saba, a biyo ta nan.

Duk wannan saiti ne, ana koyonsa. Abin da saiti ba ya gyarawa shi ne layi biyu masu uwa ɗaya. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a lokaci guda a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya rikice a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu, bankuna suka yi ta ba kwastomomi haƙuri. Ofis mai kamfani biyu da duka ke shan ruwa a waɗannan igiyoyi bai tsira da komai ba, fayawol ta rasa inda za ta tura kowa. Igiyar Glo-1 ba ta cikin waɗanda suka lalace, kuma a makon nan mutane da yawa suka tuna inda suka ajiye tsohon sim ɗinsu. Mu a Arewa abin ya fi tsanani, domin yawancin igiyoyin teku a Legas suke sauka, daga can sai fayba ta biyo gefen titi ɗaruruwan kilomita, tana ratsa duk inda ake aikin hanya. Ƙaramin kamfanin da ke ba ka layi ta eriya a kan rufi, shi ma sari yake yi daga babba, wataƙila daga wanda ka riga ka saya. Turakun sadarwa kuma yawancinsu na kamfanonin haya ne irin IHS da ATC, turke ɗaya na ɗauke da eriyar kamfani biyu ko uku, janareta ɗaya ke ba su wuta. Gas ya ƙare a can, sim biyunka su ɗauke tare. Mutanen Zamfara sun ga ƙarshen wannan a Satumbar 2021, lokacin da hukuma ta sa aka rufe layukan waya a jihar saboda matsalar tsaro. A ranar, sim huɗu da sim ɗaya duk ɗaya ne.

Saboda haka kafin a sa hannu a takardar layi na biyu, a tambayi kamfanin daga wa yake saye, kuma ta wane titi faybarsa ta shigo unguwa. Wasu ba sa son amsawa, sai a matsa. Haɗin da ya fi ma'ana shi ne na hanyoyi masu bambancin jinsi, ɗaya ta ƙasa ɗaya ta sama. Wannan ne ya sa Starlink, da ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023 ta kuma shiga Nijar a 2025, ta sami karɓuwa a matsayin abokiyar fayba: taurarinta na yawo a nisan kusan kilomita 550, katafilar unguwa ba ta isa gare su. Ita ma tana da rauninta, ruwan sama mai ƙarfi na damuna yakan sa ta tangaɗi.

Kuɗi ma na da ta cewa. Tun da NCC, hukumar sadarwa ta Najeriya, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farashin kira da data a Janairun 2025, sa layin da ake biya da gigabait cikin rabon yau da kullum ya zama hasara. Irin wannan layi a mataki na biyu ake ajiye shi, sannan a rubuta wanda aka yarda ya hau shi idan babban ya faɗi. In ba haka ba kwamfutoci 20 za su ga hanya ta buɗe su fara sauke sabunta Windows, kafin la'asar datar wata ta tafi, POS ɗin da aka sayi layin dominta ta tsaya.

Ga wanda ya dage sai ya ga 70, akwai hanya. Ana yin hayar saba a wata cibiyar bayanai, fayawol ta ƙulla rami da ita ta kowane layi, a yayyanka kaya a nan a sake jera su a can, duniya ta ga adireshi ɗaya tak. Peplink na sayar da wannan da sunan SpeedFusion, akwai kuma MPTCP, ƙa'idar da ke barin haɗi ɗaya ya bi layi fiye da ɗaya, wadda Apple ta fara amfani da ita wa Siri tun 2013, ta shiga Linux a 2020. Ribarsa babba ce ga masu watsa shiri kai tsaye, domin layi ɗaya na faɗuwa ba tare da kira ya yanke ba. Amma akwai kuɗin sabar duk wata, akwai ƙarin tafiya idan tana Landan, kuma layin da ya fi jinkiri yakan ja wa mai sauri baya. Jami'o'i da bankuna kan bi wata hanyar dabam, su karɓi adireshinsu na kansu daga AFRINIC, hukumar da ke raba adireshin IP a Afirka, aƙalla guda 256, su sanar da shi ta kamfanoni biyu da BGP, ƙa'idar da kamfanonin intanet ke sanar da juna hanyoyi da ita. Wannan ba aikin shagon kwanar titi ba ne.

Ranar miƙa aiki nakan ce wa mai wurin ya tsaya kusa da POS da agogo a hannu. Ba na zare kebul ɗin da ke tsakanin modem da fayawol, wannan kowace na'ura za ta gane shi nan take. Siririyar faybar da ke shiga modem daga waje nake cirewa, in bar modem da wutarsa, mu ƙirga daƙiƙa nawa za a yi kafin rasit ya sake fitowa. Sai in mayar, mu jira, in zare sim ɗin ɗaya layin. Daga nan in kashe wutar ofis gaba ɗaya, domin sau da yawa a nan ake gano cewa an sa fayawol a kan inbata, amma modem ɗin fayba yana can bayan kabad a soket ɗin NEPA.